Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Noma na Moris Kan Itatuwa Uku 'Yan Dangin Zaitun

Mai girma Ministan Noma da Wadatar Abinci na Jamhuriyar Moris,
Tare da Daraktan Hukumar Gandayen Daji da Kare Halittu ta Ƙasa,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashin kulawarka, musamman malaman daji da leburorin da ke wuni a cikin kurmin tsaunukan kudu maso yammacin tsibirinku, ko ana ruwa ko ana rana. Ina rubuta wannan wasiƙa ne da yawun wasu ɗalibai da malaman ilimin tsirrai da gandun daji 'yan Najeriya da Nijar da Gana, waɗanda neman ilimi ya kai mu Moris, ƙasar da kafafen labarai suka fi kira Mauritius, muka zauna a cikinku, wasunmu kuma suka yi aikin sa kai a dazukanku kafin su koma gida. Mun san matsayinmu na baƙi, kuma mun san ƙasa taku ce, shawara ma taku ce. Amma abin da muka gani da idonmu ya yi nauyin da bai kamata mu tafi da shi a ciki ba tare da mun faɗa wa masu haƙƙi ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne halin da wasu itatuwa uku 'yan dangin zaitun ke ciki a ƙasarku, da yadda shekaru ke ta wucewa ba tare da sun sami kulawar da ta yi daidai da girman haɗarin da suke ciki ba. Masana suna kiransu Noronhia macrophylla da Noronhia obovata da Noronhia broomeana. Biyun farko babu inda suke tsirowa da kansu a duk faɗin duniya sai a tsibirin Moris, na ukun kuwa yana da wasu ire-irensa a tsibirin Reyuniyon da ke maƙwabtaka da ku. Dukkansu sun yi ƙaranci ƙwarai a daji, kuma na farkon, mai faffaɗan ganye, yana cikin itatuwan da suka fi wuyar gani a duk ƙasar. Mafi yawan zuriyarsu, fiye da nau'i 80, tana Madagaskar, amma sunan zuriyar yana da alaƙa da ku, domin an laƙaba shi ne don tunawa da Francisco Noronha, masanin tsirrai ɗan Sifaniya da ya rasu a Moris a shekarar 1788.

Mai karatu na iya tambaya ina ruwan Bahaushe da itacen da ke can tsakiyar Tekun Indiya. Zaitun dai itace ne da kowane yaron makarantar allo ya san sunansa kafin ya taɓa ganinsa, tunda Alƙur'ani ya yi rantsuwa da shi, ya kuma kira shi itace mai albarka. Ban da wannan, dangantakar ta jini ce: ɗan uwan itatuwanku na kusa, Noronhia nilotica, yana tsirowa a kurmin bakin rafuka a yankinmu na Afirka ta Yamma har zuwa Sudan, kuma a kan duwatsun Azbin na Nijar, musamman Bagazam, akwai wani zaitun na daji da ya rage tun zamanin da Sahara ke da danshi, wanda tsofaffin itatuwansa ke tsaye amma ƙanana ba sa tasowa a madadinsu. Mun san kamannin itacen da ke raye alhali zuriyarsa ta yanke, shi ya sa muka gane shi da muka gan shi a wurinku.

Ba za mu shiga koke ba sai mun ba ku haƙƙinku. Moris ce ƙasa ta farko a duniya da ta tabbatar da Yarjejeniyar Kare Bambancin Halittu a 1992. Ƙaramin shahon tsibirinku ya ragu zuwa tsuntsaye huɗu da aka sani a 1974, tattabararku mai ruwan hoda ta sauko zuwa kimanin goma a farkon shekarun 1990, amma da haɗin gwiwar gwamnati da Gidauniyar Kare Namun Daji ta Moris da abokan aiki na waje aka dawo da su zuwa ɗaruruwa, kuma ana koyar da wannan labari a jami'o'inmu. A 1994 kun kafa gandun dajin ƙasa na Black River Gorges mai faɗin fiye da kadada 6,500. Kuna da ma'ajiyar busassun tsirrai a Réduit tun 1960, da masana da duniya ta yarda da aikinsu. Ƙasar da ta yi waɗannan ba ta rasa gwaninta ba. Sai dai tsuntsaye sun sami masu tsaya musu saboda suna da kyan gani kuma baƙin ciki na rasa dodo, babban tsuntsun nan na tsibirinku da ba ya tashi wanda ya ɓace daga duniya, bai bar zukatan mutane ba, su kuwa itatuwa irin waɗannan, masu ƙananan furanni da babu mai ɗaukar hotonsu, an bar su a bayan layi.

Kokenmu na farko, wanda kuma muke ganin shi ne tushen sauran, shi ne cewa sanin waɗannan itatuwa ya tsaya a hannun mutane 'yan ƙalilan, bai kai ga waɗanda ke riƙe da adda ba. Ruɗanin ya fara ne tun daga takarda. A 1877 John Gilbert Baker na lambun tsirrai na Kew da ke Ingila ya bayyana biyun farko a ƙarƙashin zuriyar Olea, wato ta zaitun na ainihi. Daga baya aka mayar da su zuriyar Chionanthus, aka sa musu sababbin sunaye, boutonii da ayresii. A 2013 binciken ƙwayoyin gado da Cynthia Hong-Wa da Guillaume Besnard suka yi ya nuna cewa 'yan Chionanthus na Afirka da tsibiran Tekun Indiya 'yan Noronhia ne, kuma a 2014 Hong-Wa da Martin Callmander da Cláudia Baider ta ma'ajiyarku suka daidaita sunayen na Moris. Ilimi ya ci gaba, wannan abin farin ciki ne. Amma sakamakonsa a aikace shi ne itace guda yana yawo da suna uku a rahotanni da alluna da jerin sunaye, ta yadda jami'in da ke duba rahoton tasirin wani gini ga muhalli zai iya neman suna ɗaya ya rasa, alhali itacen yana nan a shafi na gaba da wani sunan. Sunayen gargajiya ma ba su kawo sauƙi ba, domin itacen da mutanen Moris suka fi kira bois d'olive, wato Cassine orientalis, ba ɗan dangin zaitun ba ne ko kaɗan.

A cikin daji kuwa lamarin ya fi haka tsanani. Na taɓa bin wata tawagar leburori da aka ɗauka domin sare gwaibar daji, baƙuwar shuka da ke shaƙe itatuwan gida, a wani yankin kurmi da ke hannun mai zaman kansa. Gwaibar ta yi cunkoson da sai mutum ya karkata kafaɗa kafin ya wuce tsakanin sandunanta, ƙasa kuma duhu ne da tsakar rana. Aikin yana tafiya ne da sauri: mai adda ya sare, na bayansa ya shafa maganin kashe ciyawa a kan kututturen da buroshi, a wuce. Akwai wani dattijo a cikinsu wanda idan ya yi shakka sai ya tsinke ganye ya murje shi a tsakanin yatsu ya kai hanci, domin ganyen gwaiba yana da ƙamshinsa. Sai muka iske wani ɗan itace da bai wuce ƙugu ba, ganyensa biyu-biyu suna fuskantar juna, masu kauri kamar fata, babu ƙamshi, babu fure, babu 'ya'ya. Duk tawagar babu wanda ya iya faɗin sunansa, kuma babu hoto ko takarda a hannun kowa da za a duba. Shugaban aikin yana ta cewa a yi sauri, tunda da faɗin filin da aka share ake biyansu. Dattijon ya yagi bakin wata leda ya ɗaure wa itacen, ya ce a bar shi. Wannan ya tsira saboda mutumin da ya fi kowa haƙuri ne ya iske shi. Abin da ya faru da irinsa a gefen da samari ke aiki, babu wanda ya rubuta.

Leburorin ba su da laifi, domin kurmin Moris yana ruɗa ƙwararru ma. Itatuwa da yawa na tsibirin suna da ganyen ƙuruciya da ya sha bamban da na girma, abin da masana da dama ke ganin dabara ce ta kare kai daga manyan kunkurun da suka taɓa cika ƙasar. Shi Cassine orientalis ɗin nan yana fara rayuwa da dogon siririn ganye mai jan layi a tsakiya, sai ya girma ganyen ya faɗaɗa. Masu ganye biyu-biyu kuma sun yi yawa, daga dangin gwaiba zuwa dangin kofi. Abin da ya fi ban takaici shi ne ɗaya daga cikin manyan baƙin tsirran da ke shaƙe dajin, Ligustrum robustum da aka kawo daga Siri Lanka, shi ma ɗan dangin zaitun ne, don haka tsarin ganyensa ɗaya ne da na itatuwan da ake son ceta. Duk da haka bambancin abu ne da za a iya koya wa mutum a yini guda. Ɗan dangin zaitun ba shi da ƙamshin ganyen gwaiba, ba shi da 'yan ƙananan ganyen nan da ke tsakanin marikan ganye a dangin kofi, furensa kashi huɗu ne da sandunan da ke ɗauke da garin fure biyu kacal, ɗansa kuma yana da ƙwallo mai tauri a ciki. Tsakanin baƙon da na gida kuwa, ganyen baƙon ya fi laushi, furanninsa farare ne a tare cunkus a bakin reshe, 'ya'yansa ƙanana ne masu duhun shuɗi da tsuntsaye ke bazawa, na Noronhia kuwa ganyensa ya fi kauri, ɗansa ya fi girma. Wannan bayani yana cikin mujallun masana da Turanci da Faransanci, alhali mai adda Kiriyol, harshen yau da kullum na mutanen Moris, yake ji.

Koke na biyu ya shafi gidan da itatuwan ke zaune. Tun daga saran katakon kanya da 'yan Holan suka fara bayan zamansu a 1638, zuwa gonakin rake na zamanin Faransa da Ingila, kurmin asali ya yi ta raguwa har abin da ya rage mai inganci bai kai kashi 2 cikin ɗari na faɗin tsibirin ba. A cikin wannan ɗan abin ne ake sa ran tsirrai masu fure na asali kusan 690 su rayu, waɗanda kimanin 270 daga cikinsu babu su a ko'ina sai nan. Kuma ko wannan ɗan abin, gwaibar nan 'yar asalin Birazil ta mamaye ƙarƙashinsa, tana tare haske, tana shanye ruwa da abinci, ta yadda babban itace zai yi ta zubar da 'ya'ya shekara da shekaru ba tare da ko ɗaya ya zama itace ba. Mai ƙidaya zai zo ya rubuta cewa nau'in yana nan, alhali tsofaffi kawai ya ƙirga.

Maganin wannan an san shi, kuma a ƙasarku aka gano shi. Tun shekarun 1930 Reginald Vaughan da Octave Wiehe suka keɓe fili a Macchabé suna lura da yadda kurmi ke canzawa, daga nan ne kuma aka samo tsarin filayen kulawa da ake kewayewa da shinge a cire baƙin tsirrai, irin na Brise Fer. Binciken da Cláudia Baider da Vincent Florens suka wallafa a 2011 ya nuna cewa inda aka cire baƙin tsirrai, na gida suna farfaɗowa da kansu, har wasu da aka ɗauka sun ɓace suka sake bayyana. Abin da muke kuka da shi shi ne filayen da aka yi wa wannan aiki ƙaramin kaso ne na kurmin da ya rage, kuma aiki ne da ba ya ƙarewa da sara ɗaya, domin irin gwaiba yana kwance a ƙasa yana jiran haske. Duk filin da aka share da kuɗin tallafi na 'yan shekaru, sannan tallafin ya ƙare ba a tanadi kuɗin komawa ba, to an buɗe wa gwaiba sabuwar gona ne. Mun kuma san cewa ba kowa ne ke kallon gwaibar a matsayin abokiyar gaba ba. Mun ga iyalai suna fita tudun Plaine Champagne da bokitai a lokacinta, mun ga masu sayar da ita da gishiri da barkono a bakin hanya, mu ma mun ci. Babu mai neman a hana talaka abin da ya saba. Gwaiba ta cika dubban kadada, abin da ake nema a ƙwace daga hannunta shi ne inda itatuwan da ba su da wani gida suke tsaye.

Na uku shi ne dabbobin da aka shigo da su. Barewar Java da aka kawo a 1639 tana cin duk ɗan tsiron da ya ɗaga kai, aladen daji suna tone ƙasa, ɓeraye suna fasa ƙwallo su cinye abin da ke ciki, birai masu dogon wutsiya kuma suna tsinke 'ya'yan itace tun suna ɗanye. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin babban itace bayan garken birai ya wuce ya san abin da muke nufi: ƙasa a cike da koren 'ya'ya, kowanne da gatsa ɗaya, babu wanda ƙwallonsa ya ƙosa. Ga itacen da ya rage 'yan tsiraru, wannan na nufin an yi asarar haihuwar shekara guda a safiya ɗaya, kuma shingen da ke tare barewa da alade ba ya tare biri. Gwamnati tana ba da hayar wasu filayenta na daji ga masu kiwon barewa don farauta, tana kuma karɓar haraji daga kamfanonin da ke fitar da birai waje domin binciken magunguna. Tunda dabbobin nan suna kawo kuɗi, adalci ne a ga wani sanannen kaso na kuɗin yana komawa kai tsaye ga itatuwan da suke hana haihuwa.

Na huɗu ya shafi wata shawara da gwamnati ta yanke, kuma muna roƙon a saurare mu da haƙuri a kanta domin mun san ta taɓa abincin mutane. Daga 2015 aka fara harbin jemagun Moris masu cin 'ya'yan itace saboda kukan masu lambunan litchi (wani ɗan itace mai zaƙi) da mangwaro, aka kashe fiye da 30,000 a karon farko, aka kuma maimaita a shekarun da suka biyo baya, har a 2018 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta mayar da jemagen cikin rukunin masu haɗarin ɓacewa. Kukan manomi gaskiya ne, mu 'ya'yan manoma ne, mun san zafin ganin amfanin shekara ya lalace a dare ɗaya. Amma binciken masanan ƙasarku ya nuna cewa harbin bai ƙara wa masu lambu riba ba, yayin da rage tsawon itace da rufe shi da raga ke rage ɓarna sosai. A ɓangaren daji kuma, bayan ɓacewar dodo da manyan kunkuru da sauran nau'o'in jemage biyu, wannan jemage shi ne babban abin da ya rage mai iya ɗaukar manyan 'ya'yan itace ya kai su nesa da gindin uwarsu. Ku da kanku kun nuna kun fahimci wannan giɓi lokacin da aka kai kunkurun Aldabra tsibirin Île aux Aigrettes domin su baza irin kanya. Ma'aikata guda ce ke kula da lambunan 'ya'yan itace da kuma gandayen daji, saboda haka a teburinka ne ya kamata a auna ɓangarorin biyu tare.

Koke na ƙarshe shi ne jinkiri, wanda tarihin yankinku ya riga ya nuna farashinsa. A lambun tsirrai na Curepipe akwai wani itace ɗan dangin kwakwa, Hyophorbe amaricaulis, wanda shi kaɗai ya rage a duniya, an kewaye shi da ƙarafa, kuma duk ƙoƙarin da aka yi na samun ɗansa bai kai ga nasara ba. A tsibirin Saint Helena an yi wani itace da ake kira zaitun duk da ba ɗan dangin ba ne, na ƙarshensa a daji ya mutu a 1994, na ƙarshen da ake reno ya bi shi a 2003, shi ke nan. Akwai kuma labaran da suka yi daɗin ƙarshe: café marron, wani ɗan dangin kofi na tsibirinku na Rodrigues, wanda wani ɗan makaranta ya gano guda ɗaya a bakin hanya bayan malaminsa ya nuna wa aji zanensa, aka kai reshensa Kew a 1986, amma sai a 2003 aka samu iri, da Cylindrocline lorencei da ta ɓace daga Plaine Champagne, masana a Brest ta Faransa suka raya ta daga ƙwayar cikin iri, aka dawo muku da ita a 'yan shekarun nan. Waɗannan nasarori sun ci shekaru masu yawa da kuɗi mai yawa domin an fara su ne bayan abu ya rage ɗaya ko biyu, kuma zuriyar da ta fito daga uwa ɗaya ba ta da ƙwarin jure sabuwar cuta. Labarin ɗan makarantar nan kuwa yana ƙarfafa kokenmu na farko, tunda zane guda da aka nuna wa yara ne ya ceci nau'i sukutum. Ga shi kuma kuna kan hanyar guguwar teku, kowace shekara daga Nuwamba zuwa Afrilu. Irin Carol ta 1960 ko Gervaise ta 1975 idan ta sake zuwa, tana iya kwantar da abin da ya rage na Noronhia macrophylla a dare ɗaya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon ma'aikatarka ta umarci hukumar gandayen daji da ma'ajiyar tsirrai ta Réduit su yi ƙidayar haɗin gwiwa ta nau'o'in nan uku, itace bayan itace, a ba kowanne lamba, a ɗauki wurinsa da na'ura, a rubuta kaurinsa da lafiyarsa da ko yana fure da ko akwai ƙanana a kusa da shi, a kuma ajiye samfurin ganyensa domin tabbatarwa ta ƙwayoyin gado inda aka yi shakka. Ainihin wuraren su zauna a hannun hukuma don gudun masu tsinka, amma adadin ya fito fili. Ƙidayar ta haɗa da filayen masu zaman kansu, tunda fiye da rabin ƙasar da ke ƙarƙashin daji a Moris tana hannunsu, kuma mai filin da aka samu irin wannan itace a wurinsa a ba shi wani sauƙi ko tallafi da zai sa ya so a sani, maimakon ya ji tsoron a sani.

Muna roƙon a buga ɗan littafin aljihu mai jure ruwa, da Kiriyol, ɗauke da hotunan kowane nau'i tun yana ɗan tsiro har girmansa, kusa da hotunan baƙin tsirran da ke kama da shi, a kuma sa shi a wayar hannu. Kada a bar wata tawaga ta shiga kurmin asali da adda sai an horar da ita, sai kuma wani wanda ya san itatuwa ya riga ta shiga ya ɗaure wa na gida alama. A sake duba yadda ake biyan wannan aiki, domin muddin faɗin fili kawai ake aunawa, gaggawa ce za ta ci riba. A haɗa da ƙirga tsirran gida da suka tsira. Dattawa irin wanda na ambata, waɗanda suka san daji da hanci da yatsa, a ɗauke su su koyar, a biya su a kan haka. A kuma bi dukkan jerin sunayen da ke cikin dokar kare halittu ta 2015 da ƙa'idojinta da allunan lambunan reno, a rubuta sabon suna tare da tsofaffin a gefensa.

Muna roƙon a share baƙin tsirrai a kewayen kowane itace da aka sani tun yanzu, ba tare da jiran babban shiri ba, a sa kuɗin komawa duk shekara cikin kasafin ma'aikata na dindindin, a riƙa sa wa rassan da suka ɗauki 'ya'ya jakar raga mai ƙarfi har su nuna, a kuma ɗana wa ɓeraye tarko a lokacin. A tattara iri da rassan dashe daga kowace uwa daban-daban, a rubuta asalin kowane tsiro, a rene su a cibiyar renon tsirran gida ta Curepipe, a ajiye kwafi a wani wuri dabam a cikin tsibirin da kuma wani lambu na waje da kuka amince da shi, yadda guguwa ɗaya ko cuta ɗaya ba za ta haɗa su duka ba. A ba ɗaliban Jami'ar Moris tallafin bincika wace halitta ce ke haɗa auren furannin waɗannan itatuwa, wace ce kuma ke ɗaukar 'ya'yansu.

Game da jemage, roƙonmu shi ne a bar harbi gaba ɗaya, a mayar da kuɗin da ake kashewa a kansa wajen faɗaɗa tallafin raga ga ƙananan masu lambu da masu itace ɗaya ko biyu a tsakar gida, waɗanda su ne suka fi jin jiki kuma suka fi rasa yadda za su rufe dogon itace.

Daga ƙarshe muna roƙon hukumar ta riƙa fitar da gajeren rahoto kowace shekara a kan nau'o'in nan uku, mai nuna manya nawa suka rage, ƙanana nawa suka taso, nawa aka dasa kuma nawa suka rayu bayan dashen, domin majalisarku da jama'arku su iya bibiya. A namu ɓangaren, ɗalibanmu da ke Moris a shirye suke su shiga aikin ƙidaya da share fili a lokacin hutu ƙarƙashin jagorancin malaman dajinku, waɗanda suka koma gida kuma za su iya tattara samfurin Noronhia nilotica daga bakin rafukanmu, bisa izinin hukumomin ƙasashenmu, idan masananku na buƙatarsa don kwatantawa. Muna sauraron amsarku a fili, kamar yadda muka rubuto a fili.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora a kan wannan amana.

Naku cikin girmamawa,
A madadin ɗalibai da malaman ilimin tsirrai da gandun daji 'yan Najeriya da Nijar da Gana da suka yi karatu a Moris.